Allurar Botox: abin da ke cikin kwalbar, yadda ake haɗa ta, da inda haɗarin yake

Tsakanin 4 ga Yuni da 14 ga Yulin 2025, hukumar kare lafiyar jama'a ta Birtaniya ta lissafa mutum 38 a Ingila da tsokokinsu suka saki bayan an yi musu allurar gyaran fuska. Wasu haɗiya ta gagare su, wasu harshensu ya yi nauyi, wasu sai da aka taimaka musu da numfashi. Bincike ya karkata ga kayan da ba su da lasisi. Shekara guda kafin nan Amurka ta ga irin haka a jihohi da dama, kuma can ma jabun kaya ne da hannun waɗanda ba aikinsu ba.

Labarin ya iso Gombe ta hanyar da tallan allurar ke isowa, wato ta waya. A Instagram da TikTok za a nuna goshi mai layuka, a nuna shi bayan mako biyu sumul, a ce a turo saƙo ta WhatsApp, har gida ma ana zuwa. Can kuma wani yana cewa guba ce tsagwaronta, mai yin ta yana wasa da ransa. Mai karatu a Tumfure ko Jekadafari sai ya rasa wa zai gaskata, alhali kowanne ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Guba ce, kuma magani ce da asibitoci suka fi shekara 30 suna aiki da ita. Abin da ke raba biyun shi ne ainihin abin da ke cikin kwalbar, yadda aka adana shi, yawan da aka zuba, da hannun da ya riƙe sirinjin.

Daga gubar abinci zuwa ɗakin likita

Gubar tana fitowa ne daga ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, wadda ke rayuwa a ƙasa, kuma take yaɗo a inda iska ba ta shiga, kamar abincin gwangwanin da bai samu kyakkyawan sarrafawa ba. Wani likitan Jamus, Justinus Kerner, ya bayyana alamomin cutar tun wajajen 1820 a jikin mutanen da suka ci naman da ya lalace. Ita kanta ƙwayar, Emile van Ermengem ne ya gano ta a Beljiyam bayan wata annobar da ta auku a 1895.

Aikinta a jiki guda ɗaya ne. Kafin tsoka ta motsa, sai jijiya ta saki wani sinadari mai suna asetilkolin a inda suka haɗu. Gubar tana shiga bakin jijiyar ta hana sakin wannan sinadari, sai tsokar ta kwanta. Idan ta bazu a jiki duka, tsokar haɗiya da ta numfashi ma su kwanta, mutum ya halaka. Idan kuwa ɗan mitsitsi aka sa a tsoka guda, ita kaɗai ce za ta huta na wasu watanni, har jijiyar ta gyara kanta.

Wannan dabara likitan ido ne ya fara ta, Alan Scott na Amurka, domin gyara idon harara-garke. A 1989 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin don wannan lalura da kuma ƙiftawar ido da ba ta tsayawa. Kamfanin Allergan ya saye shi ya sa masa suna Botox. Wata likitar ido a Kanada, Jean Carruthers, tare da mijinta Alastair wanda likitan fata ne, su suka lura cewa layukan tsakanin gira suna ɓacewa ga marasa lafiyar da ake yi wa allurar. A 2002 aka amince da ita don kwalliya. Har gobe ana amfani da ita wajen ciwon ɓarin kai mai naci, da yawan zufa a hammata, da sandarewar gaɓoɓi bayan shanyewar ɓarin jiki, da yaran da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa mai ƙandarar da ƙafa.

Botox sunan kaya ne na kamfani guda. Akwai Dysport, akwai Xeomin na kamfanin Merz a Jamus, akwai na Koriya ta Kudu irin su Nabota da Botulax. Jama'a dai duk Botox suke ce musu, kuma wannan haɗa su da aka yi a suna ɗaya yana daga cikin ƙofofin da cuta ke shigowa, kamar yadda za a gani a batun yunit, wato ma'aunin ƙarfin maganin.

Abubuwan da ake rikita ta da su

A bakin masu talla, kusan kowace allurar fuska tana iya zama Botox. Fila daban take: wani abu ne mai kauri, galibi na sinadarin hayaluronik, da ake cusawa ƙarƙashin fata don cike kumatu ko leɓe. Haɗarinta ma daban, domin idan ta shiga hanyar jini tana iya toshe ta, fata ta mutu, wani lokaci har ido ya makance. Allurar hasken fata da ake yi da gulutatayon ba ta da wata dangantaka da Botox. Abin da ake shafa wa gashi a salun ana kiran shi da wannan suna kuwa, man gyaran gashi ne kawai, babu ɗigon gubar a ciki.

Akwai kuma abin da allurar ba ta iyawa. Tana aiki ne a kan layukan da motsin fuska ke haifarwa: na ɗaure fuska a tsakanin gira, na ɗaga gira a goshi, da na gefen ido lokacin dariya. Ba ta sa fata haske, ba ta goge tabon ƙuraje ko tsagar gado, ba ta ɗaga fatar da ta saki don shekaru. Yamushewar da hunturu ke kawowa ta bushewa ce, maganinta mai da ruwa. Fatar da mayukan bilicin suka cinye ta yi siriri, allura ba za ta mayar da kaurinta ba, hasali ma irin wannan fata ta fi saurin tara jini da kamuwa da ƙwayoyin cuta a inda aka soka. Ga shi kuma baƙar fata tana jinkirin yin tamoji idan aka kwatanta da farar fata, saboda kariyar da launinta ke ba ta daga rana. Mace mai shekara 25 da aka ce wa lallai tana bukata, ya dace ta tsaya gaban madubi ta tambayi wane layi ne takamaimai za a gyara.

Kwalbar da ta yi kama da wadda ba komai a ciki

Nan ne mafi yawan mutane ke mamaki. Kwalbar Botox ta gaskiya 'yar ƙarama ce ta gilashi, da murfin roba da aka ɗaure da zoben ƙarfe. Idan aka ɗaga ta aka duba, sai a rantse babu komai a ciki. Sai an karkata ta wajen haske za a ga wani ɗan dusu-dusu, siririn shafe mai fari-fari a gindinta. Shi ke nan maganin. A kwalba mai yunit 100, gubar ba ta wuce kimanin nanogiram 5 ba, kuma nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Ɗan abin da ido ke gani gishiri ne da furotin ɗin albumin da ake tacewa daga jinin ɗan Adam, wanda ake sa wa don ya riƙe maganin. Dysport da Xeomin su kuma farin gari ne da ake iya gani, ya dunƙule a ƙasan kwalbar.

Ma'anar wannan ga mai zuwa a yi masa ita ce, waɗannan sanannun kayan a bushe suke zuwa. Idan aka fito da sirinji cike da ruwa daga jaka, aka ce Botox ne, babu hanyar da ido zai tabbatar. Ruwan da aka haɗa daidai garau yake, ba launi, ba gurɓi, babu abin da ke yawo a ciki, wato daidai da kamannin ruwan gishirin da babu magani ko kaɗan. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace amfani ita ce a nuna kwalin da kwalbar kafin a haɗa.

A jikin kwali da kwalba ana duba sunan kamfani, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar ƙarewar aiki, da yawan yunit, kuma abin da ke kwalin ya yi daidai da na kwalbar. Botox na gaskiya yana zuwa ne a yunit 50, 100 ko 200, kuma takardar jikin kwalbar tana da tambari mai walƙiya. A gargaɗin da FDA ta fitar a Afrilun 2024, ɗaya daga cikin alamomin jabun da aka kama shi ne an rubuta yunit 150, adadin da kamfanin ba ya yi sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi a 2022 kan jabun Dysport da aka gano a ƙasashe irin su Jodan, Turkiyya da Kuwait. Don haka cewa "Hajiya, orijina ce, daga waje aka kawo" ba hujja ba ce. Jabu ma daga waje yake zuwa.

Kada a ɗauka jabu yana nufin maganin da ba ya aiki kawai. Wani babu komai a ciki, asarar kuɗi ce. Wani kuwa gubar da ke ciki ta ninka abin da aka rubuta, domin ba a auna ta a masana'antar da ake sa wa ido ba. A 2004 a jihar Fulorida ta Amurka, an yi wa mutum 4 allura da gubar da aka tanada don binciken ɗakin gwaji, ba don jikin mutum ba. Dukkansu sai da aka ɗora su a kan na'urar numfashi.

Yadda ake haɗawa, da lissafin yunit

Ma'aikacin da ya san aikinsa zai wanke hannu, ya sa safar hannu, ya goge murfin robar da sifirit ya bari ya bushe. Sai ya ja ruwan gishiri na allura, mai ƙarfin kashi 0.9 cikin 100, a sabon sirinji, ya soka a murfin. A nan akwai abin lura: an zuƙe iskar cikin kwalbar tun a masana'anta, don haka da allurar ta shiga, kwalbar da kanta za ta ja ruwan, a ga sandar sirinjin tana sauka ba tare da an danna ba. Takardar kamfanin ta ce idan kwalba ba ta ja ruwan ba, a jefar da ita, domin alama ce ta cewa murfin ya taɓa buɗuwa. Daga nan sai a juya ta a hankali har shafen ya narke, a rubuta rana da lokaci a jikinta. Ba a haɗa ta da ruwan leda, ko ruwan kwalba, ko wani magani.

Ana auna maganin da yunit, ba da yawan ruwa ba. A ƙa'idar kamfanin da ke yin Botox, kwalba mai yunit 100 ana zuba mata mililita 2.5, sai kowane kashi ɗaya cikin goma na mililita ya ɗauki yunit 4. Layukan tsakanin gira yunit 20 ne a wuri biyar. Gefen idanu yunit 24, wato 12 kowane ɓangare. Goshi yunit 20, kuma ana haɗa shi da tsakanin gira don kada girar ta faɗo. Likita yana iya ragewa ko ƙarawa gwargwadon ƙarfin tsokar mutum, maza kan bukaci fiye da mata.

Daga wannan lissafi abu biyu ke fitowa. Na farko, mai son cin ƙazamar riba ba ya bukatar jabu: ya isa ya ninka ruwan, sirinji ya cika fal, a soka wuri goma, amma yunit ɗin da ya shiga rabi ne. Bayan wata guda layuka su dawo, a ce wa mace jikinta ne ba ya karɓa. Wanda aka yi wa ciniki da "sirinji ɗaya" bai san abin da ya saya ba. Na biyu ya fi haɗari: yunit na wannan kamfani ba ɗaya yake da na wancan ba. Inda Botox ke bukatar yunit 20, Dysport 50 ake sa wa. Wanda ya saba da lissafin Dysport ya ɗauki wata kwalbar ya zuba 50, ya wuce ƙima fiye da ninki biyu.

Kan adanawa bayan an haɗa, akwai saɓani tsakanin takardar kamfani da abin da likitoci da yawa ke yi. Takardar ta ce kwalba ta mutum ɗaya ce, a ajiye a firiji, a yi amfani da ita cikin awa 24. Ƙwararrun likitocin fata a Amurka kuwa sun fitar da matsaya cewa idan an kiyaye tsabta, ana iya ajiye ta a firiji har mako 4, a yi wa mutum fiye da ɗaya, kowa da sabuwar allura da sabon sirinji. Hujjarsu ita ce zubar da yunit 80 bayan an yi amfani da 20 ɓarna ce da za ta hau kan farashi. Masu tsayawa kan takardar suna cewa duk sake soka murfi dama ce ga ƙwayoyin cuta. Abin da babu saɓani a kai shi ne sirinjin da ya taɓa jikin wani ba ya komawa cikin kwalba, domin ta nan ciwon hanta da ƙanjamau ke wucewa daga mutum zuwa mutum.

Sanyi a garin zafi

Matsayar mako 4 an gina ta ne a kan firijin da ba ya mutuwa. Botox da Dysport ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga masana'anta har ranar amfani. Xeomin da ba a buɗe ba yana jure zafin ɗaki har digiri 25, amma ɗakin Gombe a watan Maris da Afrilu, lokacin da waje ke kaiwa digiri 40, ya wuce wannan iyaka nesa. Kwalbar da ta sauka a Legas ko Abuja, aka ba direba a tasha ya taho da ita a akwatin mota yini guda, ta kwana a firijin da wuta ta ɗauke masa tun magariba, ba lallai kamanninta su sauya ba, amma ƙarfinta na iya raguwa. Illar a nan galibi ba guba ba ce kai tsaye. Maganin ne zai ƙi aiki, sai a ce a dawo a ƙara, a ƙara da wata kwalbar mai cikakken ƙarfi, lissafi ya ɓace.

Wanda ya taɓa ganin ma'aikatan rigakafi suna yawo da akwatin sanyi da ƙanƙara a unguwa ya san tsarin da ake magana a kai. Tambayar ina firijin yake, kuma me ke riƙe shi idan wuta ta tafi, tambaya ce da mai aikin gaskiya ba zai ji haushinta ba.

Illa ƙarama da illa mai kai wa asibiti

Ko da kaya na gaskiya a hannun gwani, ana samun ɗan kumburi, taruwar jini a ƙarƙashin fata, ko ciwon kai na kwana ɗaya ko biyu. Wadda ta fi damun mutane ita ce faɗuwar fatar ido. Maganin ya zarce daga tsakanin gira zuwa tsokar da ke ɗaga fatar, sai bayan wasu kwanaki mace ta tashi ta ga ido ɗaya ya rufe rabi, tana ɗaga haɓa don ta ga gabanta, kwalli ma ya ƙi zama daidai. A gwaje-gwajen da aka yi kafin amincewa da maganin, kimanin mutum 3 cikin 100 sun sami wannan. Yana warwarewa da kansa cikin makonni, kuma akwai ɗigon ido da likita kan rubuta ya ɗan ɗaga fatar. Amma babu allurar da ke warware Botox. Filar hayaluronik ana iya narkar da ita da wani magani, wannan kuwa sai jira.

Babbar illa ita ce bazuwar gubar nesa da inda aka soka. Tun 2009 FDA ta wajabta a rubuta wannan gargaɗi a cikin baƙin akwati a takardar kowane irin maganin. Alamomin suna iya zuwa bayan awanni ko bayan makonni, kuma sukan fara daga sama su gangaro: gani biyu-biyu ko dishi-dishi, idanu biyu su yi nauyi, murya ta sauya, magana ta harɗe, ruwa ya riƙa sarƙewa, wuya ya kasa riƙe kai, hannuwa su mutu, numfashi ya yi wuya. Mutum yana cikin hayyacinsa, galibi babu zazzaɓi. Wannan ne ya sa a gida ake iya ɗaukar abin a matsayin iska ko sammu, a tsaya neman tofi da hayaƙi alhali ƙirji yana gajiya. Addu'a ba ta hana a sa mutum a mota. A allurar kwalliya da kaya na gaskiya a ƙimar da aka tsara, irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Inda aka fi ganin sa shi ne jabu ko yawan da ya wuce kima, kamar yadda ya faru a Turkiyya a 2023, lokacin da mutane da dama suka kwanta bayan an yi musu allurar a bangon ciki da sunan rage ƙiba.

Mutanen jihar Gombe sun san darasin asibitin saran maciji na Kaltungo: makari yana amfani ne idan an kai mutum da wuri. Makarin wannan guba ma haka yake. Yana kama wadda ke yawo a jini ne kawai, wadda ta riga ta shiga jijiya ba ya fito da ita. Abin da ke ceton rai bayan nan shi ne na'urar numfashi da jinya ta makonni, wani lokaci watanni, kuma wannan sai babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Duk wanda ya ga waɗannan alamomi ya nufi sashen gaggawa, kuma ya faɗa wa likita cewa an yi allurar. Ɓoyewa don kunya, ko don maigida bai sani ba, yana sa a ɓata lokaci ana binciken wata cutar.

Akwai waɗanda bai kamata a yi musu ba, ko sai da shawarar likitan da ya san lalurarsu: mai ciki, mai shayarwa, mai ƙurji ko ciwo a wurin da za a soka, wanda jikinsa ya taɓa ƙin maganin, da masu cutar raunin tsoka irin wadda likitoci ke kira myasthenia gravis. Dysport ba a yi wa wanda jikinsa ba ya karɓar furotin ɗin madarar shanu. Sai kuma wani abu da ya shafe mu ƙwarai: allurar jentamaisin da danginta suna ƙara wa gubar ƙarfi, ga shi kuwa allura ce da ake yawan yi a kemis ba tare da takardar likita ba.

Hannun wa?

Doka a Najeriya ta ce duk maganin da za a sayar sai ya yi rajista da NAFDAC, kuma hukumar tana da kundi a intanet mai suna Greenbook inda ake duba sunan magani da lambarsa. Likita kuma sai yana da rajista da lasisi daga majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN. Takardar shaidar kwas ɗin kwalliya na 'yan kwanaki ba ta maye gurbin ko ɗaya.

Masu sana'ar gyaran jiki suna da tasu hujjar. Suna cewa allurar ƙarama ce, ba ta kai ta zazzaɓi zafi ba, mata sun fi sakin jiki da mace 'yar uwarsu a cikin sirri, kuma likitocin fata ƙalilan ne a arewa maso gabas, sun kuma fi shagala da cututtuka. Batun ƙarancin likitoci da son sirri gaskiya ne. Likitoci kuma suna cewa sokawar ba ita ce aikin ba. Aikin shi ne sanin tsokokin fuska da zurfin kowace, tambayar tarihin lafiya, ƙin yi wa wanda bai dace ba, da sanin abin yi idan abu ya ɓaci. Tazarar da ke tsakanin wurin da ya dace da wurin da zai saukar da fatar ido ba ta wuce faɗin yatsa ba. Ingila da ta daɗe tana barin waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba suna sokawa, ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 tun Oktoban 2021, kuma bayan abin da ya faru a 2025 gwamnatinta ta sanar da shirin sa lasisi a harkar. Idan aka auna hujjojin biyu, ta likitoci ta fi nauyi, domin ita ce ta tanadi amsa ga ranar da aka samu matsala.

Abin da malamai suka ce

Kan amfani da ita don lalura, kamar harara-garke ko sandarewar gaɓa, malamai sun tafi a kan halasci, suna kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Saɓanin yana kan kwalliya zalla. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta ce bai halatta a kawar da tamoji ta tiyata ko allura ba sai idan lalura ce kuma babu cutarwa. Masu wannan ra'ayi suna duban aya ta 119 a Suratun Nisa'i kan sauya halittar Allah, suna kuma tsoron yaudara, musamman ɓoye shekaru ga mai neman aure. Hukumar fatawa ta Masar ta halatta da sharaɗin kada a cutu, bisa cewa tasirin na ɗan lokaci ne kuma ba a sauya ainihin halitta. Ana kuma tambaya kan albumin da ke ciki, tunda daga jinin mutum aka samo shi. Abin da fannin lafiya zai iya ƙarawa shi ne allurar tana shiga tsoka ne, ba ta barin wani shafe a kan fata da zai tare ruwan alwala. Sauran hukuncin na malamin da mutum ya amince da iliminsa ne, bayan an yi masa bayanin abin yadda yake.

Lokaci da aljihu

Aikin maganin yana fara bayyana cikin kwana biyu zuwa biyar, ya kai ƙarshen ƙarfinsa wajen mako biyu, ya gushe bayan wata uku zuwa huɗu. Ba a so a maimaita kafin wata uku, domin yawan maimaitawa da manyan ƙima na iya sa jiki ya gina kariya, maganin ya daina kamawa, har ranar da za a bukace shi don lalura ta gaske. Wadda ta fara tana son goshin ya ci gaba da zama haka, ta san cewa kuɗi ne sau uku ko huɗu a shekara, na kayan da ake shigowa da su da dala. Farashin da ya faɗi ƙasa sosai da na sauran wurare yana da dalili, kuma araha ba ta ado. Wadda ta daina kuwa, fuskarta tana komawa yadda take ne, ba ta fi da lalacewa.

Amaryar da aka sa wa allurar cikin jerin gyaran jiki ana saura kwana biyar biki ta zaɓi mafi munin lokaci: kyan bai gama fitowa ba ranar kamu, faɗuwar fatar ido kuwa a daidai waɗannan kwanaki take bayyana. Dilka da murzar fuska a ranar allurar suna iya tura maganin inda ba a nufa ba. Masu aikin kan ce kada a murza wurin, kada a kwanta na kimanin awa huɗu, don haka yin ta da hantsi ya fi sauƙi, kafin azahar ta zo a kai goshi ƙasa.

Kafin a bar wurin, a karɓi rubutaccen bayani: sunan maganin, lambar rukuninsa, yunit nawa aka sa kuma a ina, kwanan wata, da cikakken sunan wanda ya yi. A ɗauki hoton kwalbar da waya. Likitan gaggawa waɗannan zai fara tambaya, kuma da su ne ake kai rahoton illar magani ga NAFDAC, a ofishinta na jiha ko ta manhajarta ta Med Safety, don a bi sawun sauran kwalaben da suka fito daga rukuni ɗaya.